Sautun Tabarau daga Kasuwar Masar

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na fito daga masallaci, "Alhaji Audu, yaya Masar?" In na je jana'iza, ana tsakiyar haƙa kabari sai wani ya matso kusa da kunnena ya ce, "Wai da gaske kasuwarsu rufi gare ta kamar ɗaki?" Na gaji. Ku zauna in ba ku labarin sau ɗaya daga tushe, wanda bai zo ba ku kai masa da bakinku. Na Makka ba zan taɓa ba, wannan kowane alhaji ya ba ku, kuma duk iri ɗaya ne: zafi, turereniya, kuka. Na Masar zan ba ku, don can aka aike ni. Da ma abin da ya sa nake gutsura muku shi kaɗan-kaɗan, Baffa yana da rai ne. Yanzu Allah ya karɓi abinsa, sai in faɗa duka.

Yaran cikinku ba su san shi da ƙarfinsa ba. Baffa Malam Sambo ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ban san dama da hagu ba. Yana cikin malaman da suka zo Kontagora tun ana saran daji, kafin a ja ganuwa. Aikinsa rubutu. A kawo masa littafi aro daga Sakkwato ko Zariya, ya zauna a zaure da alƙalamin kara da tawada ya juye shi warƙa-warƙa. Ya so ƙwarai in gaje shi. Ya yi bulala, ya yi addu'a, ya ba ni rubutu na sha har cikina ya yi baƙi, daga ƙarshe ya haƙura ya ce in je in bi masu fataucin fata, ko awaki sa amfana da ni. Karatu dai ina haɗa baƙi in ba a matsa mini ba.

Sai ido ya fara yi masa gardama. Da farko ya riƙa miƙa warƙa nesa, iyakar tsawon hannunsa. Daga baya ya riƙa fita da ita tsakar rana. Akuya in ta shigo zaure yana ganinta sarai, har ya jefe ta da takalmi ya same ta, amma baƙaƙe sun zame masa tururuwa. Ana nan sai wani Balaraben Gadamus ya sauka gidanmu a kan hanyarsa ta zuwa ƙasar Nufe, da wasu 'yan madubai biyu a kan karan hancinsa. Ya ce sunansu tabarau. Ya cire ya ɗora wa Baffa. Baffa ya ɗauki warƙa ya fara karatu muryarsa na rawa. Ban taɓa jin ta haka ba, na tashi na fita don kada ya san na ji. Baffa ya taya tabarau ɗin da karsana, ya ƙara da goɗiya, Balarabe ya ce ko garke ne ba ya sayar da idonsa. Amma ya ce a kasuwar Masar akwai lungun da ake sayar da su.

Saboda haka da na ƙulla niyyar hajji, kowa ya kawo sautunsa. Matata turare, Inna matar Baffa zobe, shi kuwa Baffa abu ɗaya tak. Kun san yadda muke ba da sautu. Mai son takalmi ya karya kara daidai tsawon ƙafarsa ya ba ka. Mai son hula ya zagaya zare a kansa. To, Inna ta tsinko zare daga mazarinta ta auna fuskar Baffa daga kunne zuwa kunne ta kan hanci, ta yi ƙulli daidai kowane ido. Duk zauren aka ce wannan dabara ta yi. Aka kai wa baduku ya ɗinke zaren cikin jar fata kamar laya, aka rataya mini a wuya.

"Audu," in ji Baffa, ina durƙushe kaina a ƙasa, "ban ce ka kawo mini alkyabba ba, ban ce darduma ba. Akwai littafin da na ɗauko, na kai rabi ido ya tsaya. Ina so in ƙarasa shi da hannuna. Kada ka tsaya cin abinci a hanya."

"In Allah ya yarda, Baffa."

"Na san ka ne, shi ya sa na faɗa."

A Kano na shiga ayari, can kuma Allah ya haɗa ni da jarrabata, wani Banufe mai suna Ndagi, mai narka kwalba ya yi ƙarau da duwatsun wuya. Masu sana'arsu sun ce kakanninsu daga Masar suka fito, don haka shi a ganinsa ba baƙunci za shi ba, gida za shi. Tun daga Kano yake mini alkawarin rago.

"Malam Audu, in mun isa kai dai ka bi bayana. Dangina yana nan, ba zai bari mu kwana da yunwa ba."

A Kukawa damina ta tare mu, hanya ta rufe. Barebari da suka ji ni jinin Fulani ne sai suka samu abin wasa, kowa ya ce ni bawansa ne, in zo in ɗaukar masa kaya, sannan ya zaunar da ni ya cika ni da burabusko har in kasa tashi. Guzuri ya ƙare, na shimfiɗa buzu a bakin hanya na fara yi wa mata rubutun sha. Ni da Baffa ya sallama, a Kukawa na zama shehi. Wata da ta daɗe tana neman haihuwa ta samu ciki, aka ce aikina ne, mijinta har da kawo mini tunkiya, shi da ya yi wahalar ba wanda ya gode masa. Da abin da na tara na sayi gashin jimina, don an gaya mana daga nan gaba farin wuri irin namu ba kuɗi ba ne, yara ke wasa da shi.

A bakin ƙasar Wadai na kusa rasa kaina saboda zaren Inna. Masu tsaron hanya suka zazzage mana kaya, suka shinshina daddawata suka mayar da sauri, sannan babbansu ya hango abin da ke wuyana. Ya zaci garin zinariya ne. Ya sa wuƙa ya farke, sai ga zare da ƙulle-ƙulle. A can zare mai ƙulli ma'anarsa ɗaya ce, sihiri, kuma a ganinsu ba wanda baƙo zai ƙulle sai sarkinsu. Aka zare takobi. Ndagi, abokin amana, ya ja baya ya fara kallon sama kamar bai taɓa ganina ba. Da Larabcina na zaure da nuni da hannu na yi ta bayani, ba wanda ya gane, har na yi shahada na fizge zaren na shimfiɗa shi a fuskar babban nasu. Mutumin fuska gare shi kamar faifai. Zaren bai kai ko kunnensa ba, ƙulli ɗaya ya sauka a kan hancinsa. Yaransa suka fashe da dariya, shi ma ya kasa riƙewa. Suka sake mu, amma goronmu kaf ya kwana a Wadai.

Hamada ba zan ɓata muku lokaci da ita ba, rairayi ne da raƙumi, kuma raƙumi bai taɓa son kowa ba. Nawa kullum sai ya jira na gyara zama sannan ya tashi da baya. Ruwan salka ɗanɗanon tsohon bunsuru gare shi. Ndagi ya yi ta amai yana kiran uwarsa, ni ina yi masa dariya. Da muka kai babban kogi muka shiga jirgi sai abin ya juya, shi ya miƙe ƙafa yana waƙar Nufanci, ni na rungume bakin jirgi ina mayar wa kifi abin da na ci. Ban ƙirga daminar da ta wuce mu a hanya ba. Na dai san rigar da na fita da ita daga nan ta zama tsumma tun kafin in ga ruwan.

Masar gari ne da mutane suka rasa ƙasa suka hau kan juna. Gida a kan gida, a kan wani gidan. Kana cin abinci, salgar wani tana bisa kanka, kuma ba wanda abin ya dama. Duk baƙin mutum sunansa ɗaya a wurinsu, Takari, ko kai ɗan sarki ne ko ɗan mahauci. Washegarin isarmu Ndagi ya wanke rigarsa ya ja ni lungun masu hura kwalba. Ya tsaya a bakin wuta ya yi musu doguwar gaisuwa da Nufanci, ya jero sunayen kakanninsa. Suka saurara da ladabi. Da ya gama, ɗaya ya ba shi ruwa ya tambaye shi wane ne ubangijinsa, ko ya ɓata ne. Muka kamo hanyar masauki. Na yi niyyar tambayarsa maganar rago, na ga fuskarsa, na bari sai bayan kwana biyu.

Masaukinmu wajen wata tsohuwa ne, Gwaggo Hajo, Bakatsiniya. Ta zo hajji da mijinta tun tana da ƙuruciya, ya rasu a Masar, ita kuma ta zauna tana soya gyaɗa tana ba Takari hayar ɗaki a kan soro. Ɗakin ƙuma ce mai shi, mu 'yan haya ne. Da ta ji Ndagi Banufe ne sai ta ɗaga hannu sama.

"Alhamdu lillahi! Yau Allah ya kawo mini bawana har gida. Kai, ɗauki tulu, rijiya tana ƙasa."

"Malam Audu, wannan tsohuwa ya raina ni," in ji Ndagi. "Katsinawa duk bayinmu ne, kowa ya sani."

Amma ya ɗauki tulun, kuma ran nan ne na fara jin dariyarsa tun da muka shigo garin.

Abinci kuwa, wake da safe, wake da rana, gurasa a kai. Garin da ya tara malamai haka a ce ba wanda ya gano tuwo! Akwai wani kifi da suke binnewa cikin gishiri har ya ruɓe, su ci suna lumshe ido. Waɗannan mutanen ne, ran da Gwaggo ta jefa daddawata a miya, suka hawo soro suna toshe hanci suna tambaya ko wani ya mutu. Gahawa kuma a ɗan finjalin da bai kai ƙoƙon tawada ba ake ba ka, baƙa ƙirin, ɗaci kamar maganin shawara, kuma wai karramawa ce.

Kasuwa sai da Gwaggo ta raka mu, don Larabcina bai ciwuwa a can. Na tambayi wani mai albasa kuɗinta da Larabcin da na koya a zauren Baffa, mutumin ya ɗaga tafin hannu ya ce amin. Ya zaci addu'a nake ja.

To, ga amsar tambayarku. E, rufi gare ta. Ba rumfa-rumfa irin tamu ba, a'a, hanyar kanta aka rufe da katako da tabarmi, wani wuri da dutse, rana ba ta shigowa sai ɗan tsinke-tsinke. Kana ciki ba ka san azahar daga la'asar ba sai ka ji ladan. Ƙofofi gare ta irin na ganuwa, da almuru a rufe. Ba ta da ranar ci, kullum tana ci, ban san yaushe suke noma ba. Kowace sana'a da lungunta: na masu jan ƙarfe, inda kunnenka zai toshe, na masu turare, inda na yi atishawa har rawanina ya kwance, na masu darduma, na masu takalma. A lungun takalman na ga jar fatar Sakkwato, irin wadda nake saye a nan, an ɗinke ta an sa mata sunan wata ƙasa, ana sayarwa da tsadar da na kusa zagin kaina. Shagon kowa ɗan rami ne a jikin bango, bai fi akurki ba. Mai shi na zaune a harɗe, yana zuƙar taba ta cikin wani tulun ruwa mai gurnani, duk abin da ka nuna ya miƙo hannu ya ɗauko bai tashi ba. Ban ga ɗan kasuwar Masar a tsaye ba, har na fara zaton ba su da ƙafa.

Sai Nasara. Ban taɓa ganinsu ba sai can. Jajaye, da malafa, maza da mata a kan jakai, kowa da mai ja masa. Na tambayi Gwaggo me suka kawo sayarwa, ta ce ba komai. Hajji suka zo? A'a. Suna da dangi a nan? Babu. Kallo kawai suka zo, daga bayan teku. Su je su kalli kaburburan Fir'auna, su dawo kasuwa su sayi tsofaffin kaya. Sabon tulu ba sa so, sai fasasshe. Na ga wata ta rungume wani guntun kasko da ko kaza ba za a ba ruwa a ciki ba, tana murna kamar an yi mata haihuwa. Gwaggo ta ce a bayan lungun ake yin kaskon, a binne shi a turɓaya ya kwana biyu. Na ce da za su zo Kontagora, da jujin bayan gidanmu kaɗai ya aurar da 'ya'yana.

Ndagi ya ja mana abin kunya a lungun jan ƙarfe. Ya ɗaga wani faranti yana yabawa, mai shago ya dafa ƙirji ya ce, "Naka ne, kyauta, ɗauka." A wurinmu wanda ya mayar da kyauta ya yi zagi. Ndagi ya durƙusa ya yi godiya, ya sa faranti a hammata muka wuce. Ba mu kai ƙarshen lungu ba sai ihu, rabin kasuwa na bin mu, ashe suna da ƙafa. Gwaggo ta ƙwace farantin ta mayar, ta ce a nan "kyauta" buɗe ciniki ne, kamar yadda mu muke cewa albarka.

"To don me ya dafa ƙirji?" in ji Ndagi.

"Ƙirjinsa ne, bawana. In ya so ya dafa."

Lungun tabarau ɗan ƙarami ne, a can ƙurya. Mai shagon da Gwaggo ta kai mu wani tsoho ne siriri, shi ba Balarabe ba, shi ba Banasare ba, gabansa akwatuna cike da idanu suna kallonmu. Na kwance layata a hankali, na warware zaren Inna na shimfiɗa a gabansa, na nuna ƙullin dama, na nuna na hagu. Ya dubi zaren, ya dube ni, ya yi wa Gwaggo magana.

"Ya ce mene ne wannan?"

"Awo ne, Gwaggo. Awon idon Baffana."

Ta faɗa masa. Mutumin ya yi dariya har ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gani, shi ma ya kira nasa. Zaren da na tsallake hamada da shi, wanda aka kusa yanka ni a kansa, ya zagaya lungu hannu-hannu.

"Ya ce tabarau ba hula ba ne," in ji Gwaggo, ita ba ta yi dariya ba. "Abin da ake aunawa yana cikin idon. Kowane madubi da ƙarfinsa. Ya ce ka kawo mai idon."

"Ki gaya masa mai idon yana Kontagora."

"Ya ce ina ne nan?"

"Ki ce masa in ya tashi yau, jikansa zai isa."

Mutumin ya daina dariya. Ya sa aka kawo gahawa, ya fara tambaya. Shekarun Baffa? Na kwatanta. Yana ganin nesa? Na ba shi labarin akuya da takalmi. Kusa fa? Tururuwa. Ya gyaɗa kai. Sannan ya ja fatar idonsa ƙasa da yatsa ya nuna baƙin tsakiya.

"Ya ce a nan, cikin ƙwayar, akwai wani fari-fari kamar hazo? In akwai, ya ce yanar ido ce ke sauka, kuma in ta rufe, duk madubin da ke shagon nan ba zai yi komai ba."

Na shiga tuno Baffa. Na san tafin ƙafar Baffa. Na san faso nawa ke dugadugansa, na san tabon da ke babban yatsansa, na san kowane zare na bakin buzunsa. Idonsa kuwa ban taɓa gani ba. Wa zai ɗaga kai ya zuba wa Baffansa ido? Gwaggo ta gane tun kafin in yi magana, ta juya ta yi masa bayani. Mutumin ya ware hannuwa, ya ce a gida ɗaya kuka zauna tun kana yaro, ba ka san launin idonsa ba? Na ji haushi ƙwarai. Na ce ta gaya masa mu a ƙasarmu da tarbiyya aka san mu, ba kamar nan ba da yaro zai tsaya yana ƙirga wa ubansa gashin gira. Ban sani ba ko ta faɗa masa duka. Amma tsoro ya shige ni tun daga ranar, bai kuma fita ba.

Dabarar da aka yanke ita ce mu samo tsohon da idonsa ya yi kama da na Baffa, a gwada a kansa. Muka koma farautar tsofaffi a ƙofar masallaci. Gwaggo ta yi musu bayani, in tsayar da Ndagi a can ƙarshen lungu a matsayin akuya, in tambaya ko suna ganinsa, sannan in miƙa musu rubutu. Ndagi ya ce shi dai kullum aikin wulaƙanci ake ba shi. Wani ya ga rubutu bai ga akuya ba. Wani bai ga ko ɗaya ba, gahawa ta kawo shi. Wani ya ga komai sarai amma ya ƙi tafiya. A ƙarshe muka dace da wani dattijo mai karatu a maƙabarta, ya ga Ndagi har ya ce wancan ai ya fi kama da tunkiya, rubutu kuwa ya miƙa shi iyakar hannunsa yana ƙifta ido. Na ce wannan shi ne.

Mai shago ya yi ta sauya masa madubai har aka kai kan wani. Dattijon ya matso da rubutun kusa da fuskarsa. Ya fara karatu a hankali, muryarsa na rawa, irin rawar nan da na taɓa tashi na fita don kada in ji. Wannan karon ba inda zan fita. Da ya gama ya dafe tabarau da hannu biyu ya ƙi saki. Ni na sa hannuna na zare su daga fuskarsa, yana kallona. Ban taɓa jin na yi mugunta irin ta ran nan ba, gahawar da na saya masa ma bai sha ba.

Mai shago ya ce tun da hanya da nisa, ido kuma ba ya jira, in ƙara da masu ƙarfi biyu a kai. Na juye masa gashin jiminata kaf. Turaren matata da zoben Inna duk suka shige cikin tabarau, wanda ke son sanin dalilin da aka yi mako ba a yi mini magana a gidana ba, ga shi nan. Ya naɗe su a auduga ya sa a batta, na ɗaure battar a cikina da rawani. Da ita na yi ɗawafi, da ita na sake hawa raƙumi. Ndagi bai dawo ba. Bayan hajji muka biyo ta Masar, masu hura kwalba suka ɗauke shi iza wuta, ya ce dangi sai an saba. Na bar shi da tulun Gwaggo a kafaɗa suna zagin juna.

Ran da na shigo garin nan da yawanku kuna nan, kun ga yadda zaure ya cika har waje. Baffa na kan buzunsa. Na durƙusa na gaishe shi. Bai tambaye ni Makka ba, bai tambaye ni hanya ba.

"Audu, ka kawo?"

"Na kawo, Baffa."

Na buɗe batta na ce bari in ɗora masa, akwai yadda ake maƙala su a bayan kunne. Ba yadda za ka maƙala wa mutum abu a kunne kana kallon ƙafarsa. Na ɗaga kai. Idanun Baffa duka biyu fari fat, kamar an ɗiga nono a ciki. Da ƙyar na ƙarasa maƙala masa.

Ya gyara su a kan hancinsa, ya juyo inda muryata take.

"Wannan ya yi. Ba sai an gwada sauran ba. Kai, Audu! Masar ta karɓe ka, ka yi ƙiba."

Kuka kwashe da dariya, kun zaci zolaya ce, don a lokacin ana iya ƙirga haƙarƙarina ta saman riga. Ya ce in miƙo masa warƙa daga gafaka. Na zaro wadda hannuna ya kai, daga tsakiya. Na duba samanta, babin ciniki ne. Ya karɓa ya riƙe ta daidai fuskarsa, ya yi gyaran murya, ya fara karanta babin tsarki daga farkonsa. Muryarsa ko kaɗan ba ta yi rawa ba. Ya kai har ƙarshe bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ku da ke bakin ƙofa kuka ɗauki kabbara, Inna ta rangaɗa guɗa daga cikin gida. Ni kaɗai ke kusa da warƙar.

Ya miƙo mini ita, ta ɗan kauce wa hannuna, na bi ta na karɓa.

"Ka gani ko?" ya ce a hankali. "Ba ka sha wahalar banza ba."

"Na gani, Baffa," na ce, na mayar da kaina ƙasa.